Na Ƙona Kwamfutar Aminina, Na Ɗora wa Maƙwabci

A shekarun farko da sojoji suka koma bariki, ni mai gyaran rediyo ne a Gwammaja. Aji huɗu na yi a firamare na gudu, amma hannuna ya iya aiki, kuma na san ya iya, wannan ce ma matsalata. Yanzu na haura hamsin, gwiwa ta fara ƙara, shi ya sa na ce bari in rubuto muku abin da na daɗe ina haɗiyewa.

Ina da amini tun muna makarantar allo, malamin sakandare ne. Shi Allah Ya ɗora masa son kwamfuta. Shekara biyu ya yi yana tsinto kayanta ɗaya bayan ɗaya har ya haɗa ta da hannunsa, ya kawo ta shagona muka ajiye a lungu. Samari da ma wasu magidanta suna zuwa buga gem, tseren mota da ƙwallo. Ya nuna mini ƙwaƙwalwarta, wani ɗan abu kamar kwalin ashana da ake kira furosesa. Ya ce ya ƙure mata gudu fiye da yadda masu ƙera ta suka yanka, ya ƙara mata ƙarfin wuta a jikin fanel, wato babban faifan da take zaune a kai, don haka take zafi kamar kaskon waina. Kullum yana tsokanata wai ni hannu ne ba kai, ni kuma in ce masa shi kai ne ba hannu, ko fitila ta mutu a gidansa sai an aiko mini. Haka muke, ba a jin kanmu.

Da sababbin gem suka fito sai kwamfutar ta fara numfashi sama-sama, mota na tsakiyar kwana hoto ya tsaya. Malam ya ce lokacin canza furosesa ya yi. Ana cikin haka aka tura shi Zariya duba takardun jarrabawa na mako biyu. Ya rubuta mini lambar wadda zan sayo a takarda, ya ce in ajiye ta a leda har ya dawo, kada in kuskura in saka, don sai an fara sauke gudun da wutar tukuna. Na ce na ji.

A kasuwa mai kayan ya fito mini da guda biyu. Ga wadda aka rubuta, ga wata kuma mai lamba babba. Turancin jikinsu ban iya ba, amma lamba kam na sani, kuma a tunanina babba ta fi ƙarama ko a ina. Mutumin ya ga idona a kanta, sai ya fara kirana Injiniya, wai irinmu masu hannu ai ba a rubuto mana takarda kamar an aiko yaro cefane. Amma don Allah kada in zalunce shi, ya gaya mini babbar ta fi zafi, sai da fanka mai ƙarfi. Na ce masa ni da nake wasa da wuta tun yana cikin tsumma zai koya wa zafi? Na ɗauki babbar.

Washegari da hantsi na buɗe kwamfutar. Ina ɗaga fankar da ƙarfen da ke ƙarƙashinta sai na ga wani farin abu ya manne kamar busasshen man goge baki. A sana'armu duk abin da ka gani ya daskare a fanel datti ne. Na sa tsumma da fetur na goge shi tas, har ina yi wa Malam tsaki a raina wai ga mai ilimi da ƙazanta. Ashe wannan man shi ne yake kwashe zafi ya miƙa wa ƙarfen. Na zaunar da sabuwar a bushe, gudu a ƙure, wuta a sama, ga zafin bazara. Ta tashi lafiya. Na buga tsere ɗaya, mota kamar walƙiya, har na yi dariya ni kaɗai. A na biyu hoto ya ɗauke, sai ƙauri. Mai gyaran rediyo ba ya bukatar a fassara masa wannan ƙaurin. Furosesa ta tafi, ta ja fanel sun tafi tare.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Sai na mayar da tsohuwar furosesar mazauninta, na ɗaure komai, na jefa sabuwar a kwata. Maƙwabcinmu wani dattijon tela ne, sa'an iyayenmu, yana da janareto, kuma shi ya jawo mana waya kyauta don in an ɗauke wuta. Da Malam ya dawo na ce masa janareton Baba tela ne ya turo wuta da ƙarfi.

Ban taɓa ganin Malam ya ɗaga murya ba sai ranar. Ya tsaya a ƙofar shagon dattijon, gaban masu jiran ɗinki, ya ce masa wanda bai san kan inji ba ya riƙe allurarsa, ya daina kashe wa mutane kaya da sunan taimako. Baba ya cire tabarau ya kalle shi, ya ce shi dai alheri ya yi niyya, in kuwa injinsa ne to a yafe masa. Ya tashi da kansa ya naɗe wayarsa. Ina tsaye ina kallo, bakina kamar an ɗinke.

Bayan la'asar Malam ya buɗe kwamfutar. Ya ɗaga ƙarfen, ya daɗe yana kallon yadda wurin yake ƙyalli. Sai ya tambaye ni a hankali, tun yaushe janareto ya koyi goge mai da fetur? Na faɗa masa komai. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce kwamfuta ƙarfe ce, wanda ya haɗa ta sau ɗaya zai sake. Abin da ba zai iya haɗawa ba shi ne ya ci mutuncin sa'an mahaifinsa a bainar jama'a, ni kuma ina gefe na san gaskiya. Ya ja ni muka je, ya durƙusa, na durƙusa. Baba ya ce ya yafe, har ya mayar mana da wayar. Malam kuwa ya ɗora gawar kwamfutarsa a bayan babur ya tafi.

Har yau muna gaisawa. Ya zo sunan 'ya'yana, na je jana'izar mahaifiyarsa. Amma sama da shekara ashirin ke nan yana kirana Malam wane, da ladabi, kamar baƙo.

Abin da na koya ba shi da yawa. Babbar lamba ba ita ce daidai ba, abin da injinka zai iya ɗauka shi ne daidai. In mai abu ya ce ka jira, ka jira, ko da kana ganin ka fi shi hannu. In kuma ka riga ka ɓata, ka faɗa tun ƙaurin bai bar ɗakin ba. Ni ƙona kwamfutar minti biyar ya ɗauke ni, kuma da an yafe mini shi a ranar. Shirun da na yi a ƙofar shagon tela shi nake ɗauke da shi har yanzu.