Shaidar da na bayar tun likita bai sallame ni ba

Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Abin da zan rubuta yau kuwa na fi shekara ashirin ban faɗa wa kowa ba, in ban da mutanen Tsafe.

Shekara biyu bayan an ba mu jihar Zamfara abin ya faru. Muna zaune a Tsafe, ni da mijina Bitrus, kafinta, da 'yarmu Saratu mai shekara biyu. Ni ke ba da waƙa a zumuntar mata ta 'yar majami'armu, kuma ba zan ɓoye ba, ina son a ji muryata.

Da tari ya fara, bayan girbi. Na ce ƙaiƙayin dawa ne. Sai zazzaɓin yamma, sai rama, har zani ya daina zama a ƙuguna. Ranar da na tofar da jini a bakin murhu na tura toka da ƙafa na rufe, amma Bitrus ya riga ya gani. Washegari muka shiga mota sai asibiti a Gusau.

An karɓi kakina sau uku, aka ɗauki hoton ƙirji. Akuyata ɗaya ta tafi a kuɗin hoto da na mota. Likita ya ce tarin fuka ne, ya ɗaga yatsu takwas.

"Wata takwas za ki sha magani. Za ki ji sauƙi tun a na biyu. Kada sauƙin nan ya ruɗe ki."

Da kunnena na ji shi.

Ƙwayoyin suna tayar da zuciya, suna mai da fitsari ja. Ikilisiya ta tsaya mini da azumi da addu'a, mata suna kawo kunu da ƙwai. A wata na uku tarin ya tsaya cak, kumatuna suka dawo.

A majami'armu akwai lokacin shaida kafin wa'azi, wanda Ubangiji ya yi wa alheri ya fito gaba ya faɗa. Wata Lahadi na ɗaura zanen zumunta, na fito na ce Yesu ya warkar da ni sarai. Aka buga tulun kiɗa, aka rangaɗa guɗa, na ja waƙa har sai da Fasto ya duba agogo.

Da ranar karɓar magani ta zagayo na shirya, na tsaya a bakin ƙofa na kasa fita. Direban motar Gusau ɗan majami'armu ne. In ya tambayi inda za ni, in ce me? Matar da ta warke a gaban kowa za ta bi layin masu tari? Na cusa katin asibiti a ƙasan akwati, na ce wa Bitrus an sallame ni.

Na kira abin bangaskiya. Kunya ce da son girma.

Da damina tarin ya dawo. Na riƙa danne shi da bakin zani lokacin sujada. Tabarma ɗaya nake kwana da Saratu, numfashinmu ɗaya. Ita ma ta fara tari, ta daina wasa, sannan wuyanta ya sanƙare.

Surukata, Inna Hannatu, ta zo daga Bungudu. Tana neman zanen goyo a akwatina katin ya faɗo. Ba ta iya karatu ba, amma ta ga gidajen katin da ba a cika ba.

"Rifkatu, wa yac ce ki bari? Likita, ko Yesu?"



Aka kwantar da ni da Saratu a Gusau, ita a ɗakin yara, ni a na masu tari. Likita ya ce cutar ta hau mata ƙwaƙwalwa. Kwana tara ta yi. Ina gadon asibiti aka binne ta.

Aka sa ni allura kowace safiya har wata biyu, har ba sauran wurin sokawa. Allurar ce ta tafi da jin kunnena na hagu, har yau. Bitrus yakan kawo abinci ya ajiye, ya zauna, bai ce komai ba. Na fi son ya zage ni. Addu'a ma na daina, don ban ga da wane baki zan kira sunan da na yi ƙarya da shi ba.

Da Fasto ya zo na zaci faɗa zai yi. Sai ya zauna a bakin gadon da mutane ke gudu.

"Mu ma da laifinmu," in ji shi. "Mun yi miki guɗa, babu wanda ya tambaya ko likita ya sallame ki."

Ya ce Allahn da ke jin addu'a shi ne ya ba likita saninsa. Ya fara addu'a, ni kuma na bi shi kalma bayan kalma kamar mai koyon magana.

Na cika wata takwas, ƙwaya ɗaya ban tsallake ba. Ranar da gwaji ya fito babu komai ban yi waƙa ba. Lahadin da ta biyo na fito gaba lokacin shaida, na ce waccan shaidar tawa ta yi gaggawa, na faɗi maganar katin, na faɗi ƙaryar da na yi wa mijina, na roƙi gafarar Ubangiji da tasu. Ba a taɓa tulu ba ranar. Ina cikin magana sai na ji mutum a gefena. Bitrus ne ya taso daga ɓangaren maza ya tsaya kusa da ni har na gama.

Tun daga nan, a majami'armu mai jinya ba ya zuwa karɓar magani shi kaɗai, matan zumunta ke raka shi bi da bi.

Na gode wa Ubangiji da bai yashe ni ba. Na gode wa ma'aikatan asibitin, da Inna Hannatu, da Bitrus.

'Yan'uwa, tari ya wuce mako biyu, ku je a gwada. An ba ku magani, ku shanye shi har ranar da likita ya ce ya isa. Ku yi addu'a da ƙwayar a hannu, ba rashin bangaskiya ba ne. Kuma ku kai yaran gidan a duba su tun ba su fara tari ba.

Na haifi uku bayan na warke. In an tambaye ni 'ya'yana nawa, huɗu nake cewa.