Mabiyiyar da na binne da giɓi

A wancan lokaci ni ce ungozomar ƙauyenmu, can arewa da Mayahi wajen Isawan. Shekaruna ba su kai arba'in ba, ga ni da baki, ga ji da kai. Zamanin soja ne, an kai mu koyo na 'yan kwanaki, aka sallamo mu da akwati mai almakashi da zaren ɗaurin cibiya, ni kuwa na riƙa ɗaukarsa a ka kamar da shi aka haife ni. Shekarar fari ce, 'ya'yan anza, wani itacen daji mai ɗaci, muke jiƙawa mu ci. Tiyar hatsin da ake ba ni in na karɓi haihuwa ita ke riƙe da 'ya'yana huɗu.

Wata ranar Laraba da hantsi aka kira ni gidan maƙwabta, matar ɗansu na naƙudar fari. Namiji ta haifa, lafiyayye. Sai mabiyiya ta yi nawa. Ga wata haihuwar ana jirana a unguwar gabas, ina tsoron wata tsohuwa ta riga ni, sai na naɗe cibiyar a hannu na ja, abin da aka hana mu da babbar murya. Da ta faɗo na juya ta, na ga giɓi a gefe, kamar an gutsiri waina. Na san abin da nake gani. Amma in na faɗa, sai an kai maijegon likita, a tambayi wanda ya ja, wataƙila a karɓe akwatin. Na wanke mabiyiyar, na naɗe a tsumma, na binne a bayan ɗaki da hannuna, na ce wa uwar mijin komai ya fita.

Kwana uku, kwana biyar, nono bai zo ba. Aka dama kunun kanwa da ɗan geron da aka ɓoye don iri, aka yi jiƙe-jiƙe, shiru. Mata suka ce yunwa ce, wasu suka ce dama danginsu ba su da nono, ni ma na gyaɗa kai. Aka koma ba jinjirin madarar akuya, akuyar da ita kanta kwali take ci. Gudawa ta kama shi. Kullum in na je yi wa maijego wanka sai ta riƙe hannuna tana tambaya, Inna ce take kirana, ko akwai laifin da ta yi. In ce mata ta yi haƙuri.

Bayan an yi suna, zazzaɓi da jini suka kayar da ita, muka ɗora ta a amalanke zuwa Mayahi. Malamar da ke karɓar haihuwa a can ta fitar da guntun mabiyiyar da ya rage, sannan ta ja ni gefe. Ta ce mabiyiya ba nama ba ce kawai, akwai wani sinadari da take zubawa cikin jini, ta kira shi da Faransanci, wanda ke shaida wa jiki cewa ciki na nan, nono ya dakata. Muddin da saura a manne, jiki bai san an haihu ba. Ta tambaye ni ko na duba ta da ta fito. Na ce na duba, cikakkiya ce. Ta daɗe tana kallona. Mutanen gida kuwa ce musu na yi zazzaɓin jego ne aka wanke.

Kwana biyu da dawowarmu nono ya zo, har yana jiƙa mata zane. Yaron ya riga ya gaji, ko kamawa bai iya ba. Ranar Juma'a aka rufe shi.

Na ga haihuwa da yawa bayan nan, ban sake jan cibiya ba, amma wannan bai rage mini komai ba. Ina roƙon duk mai karɓar haihuwa: ki jira mabiyiya, ki duba ta a haske, in kin ga giɓi ki faɗa a take, ko me za a ƙwace miki. Mai jegon da nono ya ƙi zuwa kuma, a kai ta likita kafin a ɗora mata laifi. Ita wannan baiwar Allah yanzu jikoki gare ta, kuma har yau cewa take nononta ne ya kashe ɗanta na fari. Sau biyu ta faɗa a gabana, ban gyara mata ba.