Yadda Baba Na-Ƙi Ya Kai Hannu Ga Ƙafarsa

Katako ɗaya ne ya raba rumfata da tasa, a bakin titin da ke gangarawa tashar mota. Ni ina gyaran agogo, shi yana gyaran takalma. Tun gashinmu yana baƙi muke zaune a nan. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Baba Na-Ƙi ake ce masa, don ko ruwa ka miƙa masa sai ya fara cewa ya ƙi, sannan ya karɓa ya shanye.

Tun yana yaro haka yake. Ubansa ya kai shi wajen tela, ya ƙi zama, ya je ya raɓe gefen wani tsoho mai gyaran takalma har ya iya. Ya yi aure, Allah ya ba su 'ya mace ɗaya, wadda yake kira Uwata. Da matarsa ta rasu aka yi ta fama da shi ya ƙara aure, ya ce ya riga ya yi, kuma ya yi mai kyau. Wata shekara ma'aikata suka zo rushe rumfunan bakin titi. Kowa ya kwashe kayansa, shi kuwa ya ci gaba da ɗinki. Sai da suka ɗauke shi shi da kujerarsa suka ajiye a tsallaken titi, basilla tana hannunsa. Washegari da safe na zo na tarar ya dawo inda yake, har ya share mini wurina.

Zamansa iri ɗaya ne shekara da shekaru: 'yar guntuwar kujera, gwiwoyi a sama, takalmi a kan cinyar hagu, baya a ranƙwashe. A hankali bayan ya saba da ranƙwasawar har ya manta da miƙewa.

Ciwon suga ya shigo masa bai yi sallama ba. Wata rana na lura da jini a cikin silifas ɗinsa. Ashe 'yar ƙaramar ƙusa ce ta shige masa tafin ƙafa, ya wuni da ita bai ji ba. Uwata ta baro ofis ta kai shi asibiti. Ciwon ya daɗe kafin ya rufe. Likita ya ce daga yanzu kullum sai ya wanke ƙafafunsa, ya goge tsakanin yatsu har su bushe, ya shafa mai, ya duba ko akwai sabon rauni. In ba haka ba, wata rana ƙafar za a yanke.

To, a nan maganar ta tsaya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan ƙafafun mutane, hannunsa ba ya wuce gwiwarsa.

Uwata ta ce, “Baba, ka tattara ka dawo wajena. Na gyara maka ɗaki. Ni zan riƙa yi maka.”

“Na ƙi.”

“Ai na san da haka za ka fara.”

“Da shi zan ƙare kuma. A kai ni saman bene a ajiye kamar tsohuwar rediyo? In riƙa leƙen titi ta taga?”

“Gara ka leƙa titi da ƙafa biyu.”

Suka yi ta ja, ina gefe ina jinsu. Ita ma ai jininsa ce, ba ta san ja da baya ba. Daga ƙarshe ta ce ta ba shi zuwa ƙarshen wata mai kamawa. Kafin nan za ta riƙa biyowa tana yi masa. Ranar da lokacin ya cika, in hannunsa ya kai ƙafarsa a gaban idonta, ta bar shi a ɗakinsa da rumfarsa. In bai kai ba, za ta zo da mota, kuma ba za ta tsaya jin bakinsa ba.

A asibitin akwai wata malama da take tara masu ciwon suga a baranda tana koya musu motsa jiki, irin wanda ake kira yoga. Baba Na-Ƙi ya ce in raka shi. Ya ce ba wai tsoro yake ji ba, mai riƙe masa takalmi yake nema.

Malamar ba ta kai Uwata shekaru ba. Ta zaunar da su a kan tabarmi, kowa ya miƙe ƙafa, ta ce su sunkuya gaba a hankali. Kusa da shi wata mata mai jiki ta ninke kamar wasiƙa, ta kama yatsunta. Ya dube ta, ya cije leɓe, ya tura kai ƙasa da ƙarfi. Bayansa ya ƙara tudu, wuyansa ya yi jijiya, hannunsa ya tsaya cak a gwiwa.

Malama ta ce, “Baba, ba da baya ake yi ba. Daga kwatangwalo ake tafiya. Ga bargo, ninka shi ka zauna a kai.”

“Na ƙi. Jego nake yi da za a shimfiɗa mini bargo?”

Barandar ta ɗauki dariya. Malama ba ta matsa ba, ta ajiye bargon kusa da shi ta wuce.

A hanyar komawa ya ce mini ya gano abin. Jijiya ai kamar fata take. Takalmi in ya matse wa mai shi, jiƙa shi ake yi, a shafa mai, a ja da ƙarfi har ya saki. Na ce anya kuwa. Ya ce in tsaya a kan agogona. Ya yanko doguwar igiyar fata, ya jiƙa ƙafafunsa a ruwan ɗumi, ya mulke su da mai, ya zarga igiyar a tafin ƙafa, ya dinga fizgar kansa gaba kamar mai jan guga.

Wata safiya rana ta fito rumfarsa a rufe. Na zagaya gidan da yake haya, na tura ƙofa. Yana kwance a ƙasa tsakanin gado da risho, igiyar tana hannunsa, bayansa ya riƙe.

Ya ce, “Mai Agogo, in ka gaya wa Uwata, ni da kai har abada.”

Ban gaya mata ba. Matar mai gidan hayar ce ta kira ta. Ta iso da jaka a hannu, ta fara kwashe rigunansa daga jikin ƙusa.

Daga kwance ya ce, “Ajiye mini kayana. Watan ya ƙare ne?”

“Baba, dubi yadda ka koma.”

“Na ga yadda na koma. Na ce watan ya ƙare?”

Ta tsaya da riga a hannu, idonta ya cika. Ta mayar da ita inda take.

Ya yi kwanaki kafin ya iya miƙewa. Da muka koma barandar, Malama ba ta yi masa faɗa ba. Igiyar kawai ta karɓa, ta ce tana da amfani, amma don riƙewa, ba don ja ba. Ta ce ya zauna ya tura tafin hannunsa ƙarƙashin mazauninsa.

“Ka ji ƙasusuwa biyu masu tsini?”

“Na ji ɗaya.”

“To ka gani. A kan guda biyun nan ake zama, nauyi daidai. Kai kuwa ka koma baya kana zaune a kan ƙarshen ƙashin bayanka, kuma ka jirkice dama. Kwatangwalonka kamar kwanon ruwa yake. Naka ya karkata baya. In bai karkato gaba ba, ko shekara za ka yi kana tura kai, bayanka kawai za ka ɓata.”

Ta nuna masa ƙafafunsa. Ta dama ta ɗara ta hagu fita gaba, alhali tsawonsu ɗaya. Ya ce in miƙo masa takalmansa. Ya kifa su, ya duba dunduniya. Ɗaya ta cinye ta gefe har ta kusa hujewa, ɗayar kuwa lafiya lau. Ya daɗe yana kallonsu.

Ya ce, “Da wani ne ya kawo mini wannan, da na ce masa a karkace yake tafiya.”

“To a karkace kake zama. Bargon don ya ɗaga ka ne, kwanon ya samu ya karkato.”

“Ɗagawar na yarda. Bargon ne na ƙi.”

Ya koma rumfa ya tattara guntayen robar ƙasan takalmi, ya jera su, ya liƙe da gam, ya fafe gaban ya yi gangare, ya lulluɓe da fata. Ya kai wa Malama yana taƙama. Ta zauna a kai, ta ce ya yi tsayi, kuma gefe ɗaya ya fi tudu. Ya yi ta ƙunƙuni har gida, wai yarinyar da aka haifa jiya za ta koya masa daidaita roba. Amma ya sa wuƙa ya rage, ya mayar mata har ta ce ya yi.

Daga nan kullum da safe kafin masu takalma su fara zuwa, sai ya shimfiɗa kwali a bayan rumfa ya hau abin zamansa. Ya sa hannu ya ja naman mazauninsa baya har ya ji ƙasusuwan nan biyu sun zauna. Ya ɗan lanƙwasa gwiwa, yatsu suna kallon sama. Ya ɗaga ƙirji, sannan ya tafi gaba, ciki ya fara neman cinya, kai ya zo daga baya. Ni aikina in tsaya bayansa in gaya masa in ya jirkice.

“Ka koma dama.”

“Idonka ne ya koma dama.” Sai kuma ya gyara.

Direbobin tasha suka samu abin kallo. Wani ya leƙo ya ce, “Baba, me ya faɗi kake nema?”

Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, “Hankalinka. An ce a nan ka yar da shi.”

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, da aka gyara zaman sai ya ga kamar baya ya koma. Da can kansa yana kusa da gwiwa, yanzu ƙirji a miƙe, kai yana can sama. Malama ta ce ya bar kallon kansa, ya kalli hannunsa. Hannun kuwa yana tafiya. Ya wuce gwiwa, ya sauka ƙwauri, ya tsaya a nan har na ɗauka iyakarsa ke nan. Wata safiya na ji ya ce, “Mai Agogo, zo ka ga.” Yatsunsa sun zagaye idon sawunsa na dama. Na hagun ne ya yi gardama, don ɓangaren nan ya fi sandarewa, gwiwar ma ba ta son lanƙwasuwa.

Ranar da wa'adin ya cika, Uwata ta zo da mijinta, suka ajiye mota a ƙofar gida. Ta shigo da jakar nan. Baba Na-Ƙi ya riga ya tanadi roba da ruwa, da tawul, da kwalbar mai. Ya ce in tsaya shaida. Surukin ya raɓe a bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

Ya hau abin zamansa. Bai yi sauri ba. Ya daidaita, ya ja numfashi, ya tafi gaba. Ya wanke ƙafar dama, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya da tawul, ya shafa mai, ya murza tafin yana kallon Uwata.

Ya juya kan ta hagu. Babban yatsa ya samu, na kusa da shi ya samu, haka har ya zo na ƙarshe. Tsakanin ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa tawul ya ƙi shiga. Tazarar ba ta fi faɗin ashana ba. Gumi ya tsattsafo masa. Na ga kafaɗarsa ta fara tudu, wuyansa ya fara miƙa, na san fizga zai yi. Ina shirin magana sai ya tsaya da kansa. Ya saki numfashi, ya ɗago a hankali, ya zauna sosai.

Uwata ta ce a hankali, “Bai kai ba, Baba.”

“Wa bai kai ba?”

“Hannunka.”

“Yatsa ɗaya ne ya yi mini tawaye. Ga shi nan, ɗauke shi ki sa a jakar, ki kai shi benenki ki ba shi ɗakin da kika gyara. Ni da sauran muna nan.”

Surukin ya fashe da dariya, ta harare shi, ya mayar da ita tari. Ta daɗe a tsaye tana kallon ubanta, shi ma yana kallonta, babu mai ƙiftawa. Sannan ta ajiye jakar, ta durƙusa, ta zare tawul ɗin daga hannunsa. Ta buɗe ƙaramin yatsan ta goge, ta duba shi sama da ƙasa, ta shafa masa mai. Ta bi sauran tara da ido, ba ta samu abin gyarawa ba.

Ta ce, “Wannan ɗayan nawa ne. Kullum da safe zan biyo saboda shi kafin in wuce ofis. Ranar da na zo na tarar ba ka yi wa sauran ba, ko sallama ba zan yi ba, mota kawai za ka ji.”

“Kada dai ki saba da shi. Aro na ba ki.”

Ta ɗauki jakarta babu komai a ciki, ta ce wa mijinta su tafi. Har sun kai ƙofa ya ɗaga murya ya kira surukin, ya ce ya tuɓe takalmin nan nasa ya bari, dunduniyar ta fara buɗe baki, abin kunya ne a ga mijin 'yarsa da shi a titi.