Allurar da Na Haɗa wa Injin Feshi

Ko na manta da komai na zamanin da nake malamin gona, ba na jin zan manta da wata allura da na haɗa a Dayi. Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba aka turo ni yankin Malumfashi. Manoman auduga suna feshi da wani ɗan inji mai dogon hannu, wanda batiran tocila ke juya faifansa. Abin da ya dame ni shi ne, ba a ganin lokacin da batir ya yi sanyi. Sai na samo allurar awon ƙarfin batir ta wata tsohuwar rediyo a kasuwar Funtua, na haɗa mata wayoyi biyu. In ta kai kan koren layin da ke fuskar ma'aunin, batir yana da rai. Na gwada ta fiye da sau goma, don ni mutum ne mai tsoron kuskure. Sai dai duk a kan tebur na gwada.

Wani dattijo mai gonar auduga a bakin hanya shi ya fara yarda da ni. Ranar feshi ya kunna injin, ya kara shi a kunne, ya girgiza kai.

"Malam, kukansa ya yi ƙasa. Batiran nan sun gaji."

Na ciro su, na auna ɗaya bayan ɗaya a gaban maƙwabtansa. Allura ta tsaya cak a kan kore.

"Baba, wataƙila iska ce. Ga shi na'ura ta nuna lafiya lau suke."

Ya yi dariya. "To, kai ka yi boko. Kunnena bai je jami'a ba."

Haka ya fesa gonar duka. Daga baya na gane cewa batirin da ya gaji yakan nuna ƙarfi in yana hutawa, sai an ɗora masa aiki yake faɗuwa. Faifan bai yi gudu ba, maganin ya riƙa ɗiga ƙasa maimakon ya bazu a ganye. Bayan mako biyu tsutsa ta gama da mafi yawan 'ya'yan audugar.

Kwana uku ina kewaye hanyar kafin na iya zuwa. Bai yi mini faɗa ba. Ya tsinko ɗan auduga guda da tsutsa ta huda, ya sa mini a hannu.

"Malam, ka zo da allurar? Auna mini wannan."

Tun daga ranar, in abin da na auna ya saɓa da abin da mai aikin ya ji, awona nake fara tuhuma.