Ranar da Kawu Ya Nemi Izinina a Gareji

Lokacin kaka ne, a shekarun wahalar mai, ga 'yan fashi sun addabi hanyar Tsafe. Jiya na ji warin baƙin mai a rigar jikana, sai Kawu ya faɗo mini a rai. Ƙanen mahaifiyata ne, tsohon makaniki a Gusau.

A wancan lokacin ɗana Sani na jan motar hatsi, ga ta da nawa wajen duwatsun Kwatarkwashi, inda ake tare mutane. Ya sayo kamshaf mai ƙara wa inji ƙarfi, ya kai wa Kawu. Kawu ya shafa ƙarfen da yatsa, ya aje, ya ce a kira ni daga Bungudu.

Da na iso, Kawu ya ce, "Ɗiyata, in na sa wannan, ɓarawo ba ya cim mashi. Amma yaron ga ƙafarshi na da nauyi bisa totur, birki kuwa ba ni da abin ƙara mashi. Mi kinka ce?"

Sani ya ce, "Haba Kawu, Inna ta san inji ne?"

"Ta san ka. Yi mana shiru."

Na daɗe ina kallon hannuwan Sani kafin na ce a sa. Kawu ya ɗaura, ya kafa sukundireba a jikin injin, ya manna kunne yana saurare.

Da safe na shiga gaban motar na zauna, na ce da ni za a je Tsafe, in ga ko zai yi gudun banza ina ciki. Allah Ya haskaka kabarin Kawu, Ya tsare mana 'ya'yanmu a hanya.