Makullin Kashe-Kunna

Shekara goma sha huɗu Kashe-Kunna ya yi riƙe da makullin ɗakin na'ura a kamfanin jigilar kaya na ƙanin matarsa, kuma ilimi ɗaya tak ya tara. Firinta ta ƙi aiki, kashe ka kunna. Imel ya maƙale, kashe ka kunna. Daga nan sunan ya samo asali, shi kuwa gogan naka "Babban Injiniya" ya buga a katinsa, har da ruwan zinare. Gyaran rediyo ya fara koyo yana saurayi, maigidansa ya sallame shi bayan ya ƙona guda uku. Aure ne ya ba shi ofis, ba wata tsiya ba.

In ka raba shi da makullin nan, ba abin da zai rage sai tumbi da ƙamshin turare. Shi ma ya sani. Shi ya sa hantarsa ta kaɗa ranar da Manaja, wato ƙanin matar tasa, ya ce, "Yaya, in intanet ya sake ɗaukewa a gidan nan, makulli zan karɓa. Kunyar yayata ce ta hana ni tun bara."

A ƙasan kantar ɗakin akwai wata baƙar na'ura, fayawol, ma'aikata na ce mata Mai Gadi, don duk abin da zai shiga kwamfutocin kamfanin ko ya fita, ta wurinta yake bi. Shekara uku tana aiki ba ko tari. Ran wata Talata da safe, don a ga shi ma yana taɓukawa, sai ya sabunta mata manhaja. Da ya gama ya hangi tsohon kanel, wato zuciyar manhajar, a ajiye kusa da sabon. Ya ja tsaki, ya ce tarkace, ya share.

Minti biyu da tashinta Mai Gadi ta sandare, allo ya cika da fararen rubutu. Ya kashe ya kunna. Ta sake. Sau goma sha ɗaya ya yi haka, gumi na bin wuyan rigarsa, tireloli sun yi layi a bakin get ba takardar fita. Abin takaicin, duk faɗuwar da za ta yi sai ta rubuta dalilinta ɓaro-ɓaro, amma kafin layin farko ya gama fitowa yatsansa na kan maɓalli. Tsoron rubutun yake ji, gaskiyar ke nan.

Manaja ya aika aka kira matar da ke gyaran kwamfuta a shagon tsallaken titi, wadda Kashe-Kunna ke yi wa kallon mai sayar da caja. Tana shigowa ta tarar zai danna na goma sha biyu.

"Malam, bari ta gama magana mana," in ji ta.

Ta ɗauki hoton allon da wayarta, ta karanta a tsanake. "Direba ne."

"Wane direba?" Manaja ya taso. "Na tirelar gaba?"

"A'a, ranka ya daɗe, 'yar manhajar da ke tuƙa katin intanet. Ba su jitu da sabon kanel ba, shi ya sa take firgita ta tsaya. Da sauƙi. Na'ura kan ajiye tsohon kanel saboda irin wannan ranar. Mu tashe ta da shi, ku ci gaba da aiki."

Ta kunna, jerin zaɓi ya fito, layi ɗaya tal.

"Ina tsohon?"

"Ai na yi mata 'yar shara ne," in ji Kashe-Kunna, muryarsa can ƙasa.

"To saitin fa? Ka kwafe shi a wani wuri kafin ka taɓa ta?"

Ya dubi silin. Matar ba ta ko yi masa dariya ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ta juya wajen Manaja ta ce sai an sake ɗora komai, tireloli su haƙura zuwa la'asar.

Manaja ya miƙo hannu a ba shi makulli. Zoben makullin ya ƙi ɓalluwa daga bel, ga akawu da masinja da direbobi sun cika ƙofa. Dole Babban Injiniya ya zare bel ɗin gaba ɗaya, hannu ɗaya riƙe da wando.

"Kada ka gaya wa yayarka tukuna," ya ce a hankali.

"Je ka gida, Yaya. Na riga na kira ta."