Gawar Yaya Sani Tana Asibiti, Mun Kasa Zuwa

Gawar yayana Sani tana asibiti, mu 'yan'uwansa kuma muna ɗaki a unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki, mun kasa fita. Babu mai iƙama, wato takardar izinin zama, a cikinmu, duk wanda ya je karɓo ta ana iya kama shi.

Na ruga wajen maƙwabcinmu Baba Hamza, haifaffen nan, mai takardunsa.

"Baba, tsoro nake ji wallahi."

"Zauna, ɗana. Ni zan je in ce Sani nawa ne."

Shi ya yi komai. Da aka kawo gawar Harami, na bi sallar jana'izar daga can baya kamar baƙo, ina waige-waige.

Har yau tambayar tana firgita ni: ranar tawa, wa zai ce ni nasa ne? Mazauna nan, ku ma tana zuwar muku?